Ɗanyar Fata a Kan Ɗori

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Yau sai in kira jika da sunan uwarsa, gobe in nemi carbina alhali yana wuyana. Amma akwai abu guda da ba zan taɓa mantawa ba har a kai ni makwancina, wato bazarar da na ɗinke ƙafar taubashina cikin ɗanyar fatar akuya, saboda zargin da nake yi wa wani mutum.

A wani ƙauye na tashi kusa da Buza, daga mu zuwa can tafiyar hantsi ce a kan jaki. Babana shi ne maɗorin yankin. Duk wanda ya karye, ko daga bisa raƙumi ya faɗo ko daga bisa rumbu, gidanmu ake kawo shi. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ni, kuma tun ina ƙarama nake riƙe masa ƙafar mutane yana ja. Da aurena na fari ya mutu na dawo gida, na tarar idonsa ya yi hazo, hannunsa ya fara rawa. Sai ya zama shi ke tofi, ni ke ɗori. Mutane sun yi ta gunaguni wai mace da ƙashi, amma da suka ga waɗanda na ɗora suna tafiya da ƙafafunsu, sai bakinsu ya mutu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin sunan da na yi, kuma ina da kishinsa fiye da kima.

A shekarun yaƙin Nasara ne, lokacin da tufafi suka yi wuya har mata suka koma saƙi, aka turo wani mutumin Madawa ya buɗe ɗakin magani a Buza. Ba Bature ba ne, baƙar fata ne kamarmu, ya yi karatun jinya a hannun Nasara. Mutane suna ce masa lokotoro. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga da ta sha faci, yana da wani tsohon doki wanda in ka gan shi sai ka ji tausayinsu su biyu. Tun ranar farko ban so shi ba, shi ma kuma bai yi ƙoƙarin in so shi ba. Aka kawo mini labari wai ya ce a kasuwa, kararen maɗora suna rufe ciwo ya ruɓe a ciki. Ni kuwa na mayar masa da cewa duk wanda ya shiga ɗakinsa da ƙafa biyu, a asibitin Tawa zai ƙare da guda, domin kowa ya san Nasara ba su da haƙurin jiran ƙashi, yankewa suke yi. Maganata ta fi tasa gudu a ƙauyuka, na kuwa yi ta murna.

Sau ɗaya muka taɓa yin magana fuska da fuska kafin abin ya faru. Ranar kasuwa ce, ina ɗora wa wata tsohuwa hannu a gindin itacen bedi, sai na ga inuwar mutum a kaina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗiyar maɗori, kara nawa kike sawa ga ƙwauri?" Ko ɗaga kai ban yi ba. Na tofar da yawu kusa da takalminsa, na ce ya je ya tambayi ubangidansa. A raina na ce, in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Mutumin nan sirrin babana yake nema, in ya samu ya kai wa kumandan, Baturen mulki, a hana mu.

To, ana cikin haka sai taubashina ya faɗa rijiya. Ɗan ƙanwar babana ne, manomin albasa, gidansu yana can ƙetaren fadama kusa da garakunansa. Sa'ana ne, tun muna yara ina ce masa bawana yana ce mini baiwarsa. Yana yasar rijiya ne gefe ya zabge da shi, ƙwaurin dama ya karye har ƙashi ya huda fata. Yana da mata da 'ya'ya uku ƙanana, kuma ba shi da abin ci da su sai ƙafar nan da yake jan ruwa da ita. In ta tafi, gidan ya tafi.

Na je na yi aikin da har yau nake alfahari da shi. Na ja ƙafar, ƙashi ya koma mazauninsa har na ji shigarsa a tafin hannuna. Na barbaɗa garin bagaruwa a kan raunin, na shafe kewayen da man shanu, na jera karare goma sha biyu da na saƙa kamar ƙaramin asabari, na ɗaure da igiyar rama. Yana zufa yana cije haƙori, amma bai bar tsiya ba. Ya ce, "Baiwata, in kinka gurgunta ni, ke za ki ja min wasaki ga rijiya hal ki mutu." Na ce masa bawa ba ya gindaya wa uwargijiyarsa sharaɗi. Gwaggona, wato uwarsa, tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta yi dariya ba.

Bayan kwana uku nakan je in duba ɗori, da safe. Zuwana na biyu ne na ga abin da ban yi tsammani ba. Ƙullin igiyar ba nawa ba ne. Kowane maɗori da irin ƙullinsa, namu na gado sau biyu ake murɗawa a soke bakin ta ƙasa. Wannan kuwa wani lafiyayyen ƙulli ne mai kunne biyu, wanda ban taɓa gani ba. Na kwance a hankali. Karare suna nan daidai inda na sa su, ƙashi bai motsa ba, amma garin bagaruwata babu shi, an wanke tas. Fatar da ke kewaye da raunin ta rine da wani launi kamar na ruwan jar dawa da ya tsufa. Da na juya kararen kuwa, sai na ga a gindin kowane an yi wani ɗan zane baƙi, kowanne da irin nasa. Ba rubutun allo ba ne, na san wannan. Rubutun Nasara ne.

Na ce, "Gwaggo, wa yash shigo ɗakinga?"

Ta ce, "Wa za shi shigowa, ɗiyata? In ba kaji ba, babu wanda yaz zo."

Na dubi taubashina, sai ya juya fuska bango ya ce barci yake ji. Mutumin da ko ana jan ƙashinsa bai yi shiru ba, yau shi ke jin barci da hantsi. Da na fito na zaga bayan zana, na ga kashin doki ɗanye, alhali gidan gwaggo ko jaki na aro suke hawa. Ruwa ba ya tsami banza. Kafin in ƙetare fadama na gama haɗa labarin a kaina tsaf. Lokotoro ne ke zagayowa in na juya baya. Ya yi wa kararena ƙulle da rubutun Nasara don kada ƙashi ya kama, ya zuba wa raunin guba mai launi don ya ruɓe. In ƙafa ta lalace sai ya ɗauki mutumin zuwa Tawa a yanke, ya tsaya a kasuwa ya ce ga aikin ɗiyar maɗori, a ɗan'uwanta ma. Gwaggo kuwa, na ce ko tsoronsa take ji, ko ya cika ta da daɗin baki.

Yanzu da nake ba da labarin nan, ina ganin wurare da yawa da ya kamata in tsaya. Raunin ya fi tsabta a kan yadda na bar shi, idona ya gani. Mai son lalata ɗori kuma ba zai mayar da kara goma sha biyu kowanne a mazauninsa ba. Amma wanda ya riga ya yanke hukunci, duk abin da ya gani shaida ce. Na ce tsabtar ta yaudara ce, na ce gyaran kuma na ɓad-da-sawu ne.

Ban gaya wa babana ba, kuma ina da dalili. Ƙa'idar gidanmu ita ce ƙashi ɗaya hannu ɗaya. In wani hannu ya taɓa ɗorin da ka yi, sai ka janye naka, ba ka sake komawa. Da na faɗa masa, da ya ce in bar ƙafar, gari kuma ya ce na kasa. Sai na yi shiru na shiga neman dabara ni kaɗai. Na sake saƙa sababbin karare, na ƙone waɗancan masu rubutu. Kwana uku na dawo, na tarar da ƙulli mai kunne biyu, da launin nan, da sababbin zane a gindin sababbin kararena, fushina ya ƙaru.

A hanyar gida na wuce inda ake yanka akuyar suna, sai dabarar ta faɗo mini. Na taɓa ganin babana ya ɗora ƙafar ɗan raƙumi ya naɗe ta da ɗanyar fata don kada dabbar ta ciji igiya. Na roƙi fatar aka ba ni. Washegari da sassafe na koma, na cika raunin da bagaruwa, na jera karare, na lulluɓe su da fatar tun daga ƙasan gwiwa har idon sawu, na ɗinke da jijiya, ɗinki kusa da kusa. Na ce to, mai kwancewa ya zo ya kwance. Duk wanda ya so ganin cikin nan sai da wuƙa, kuma wuƙa ba ta ɓoyuwa.

Gwaggo tana kallo, bakinta yana motsi. Ta ce, "Ɗiyata, wagga hwata ba ta yi yawa ba?" Na ce mata ƙudaje nake karewa, masu ƙafa huɗu da farar riga. Ta sunkuyar da kai ta fita. Na san ɗanyar fata tana tsukewa in ta bushe, wace 'yar ƙauye ce ba ta san wannan ba? Da ita ake ɗaure ƙotar gatari. Amma na lissafa cewa karare za su tokare ta. Abin da ban lissafa ba shi ne zafin bazarar ƙasarmu ta Adar, wanda ke busar da fata cikin yini guda, da kuma kumburin ƙafa daga ciki.

Ban jira kwana uku ba. Ba don tausayin mara lafiya ba, gara in faɗi gaskiya, don in kama ɓarawo ne. Na lura kashin dokin nan na tsakar rana ne, lokacin da kowa ya shige inuwa. Rana ta biyu bayan ɗinkin, ana gab da azahar, na zaga ta bayan garakuna na tsuguna tsakanin rumbun gwaggo da zana. Daga nan ina jin nishin taubashina, wani irin nishi mai tsawo da ban taɓa ji ya yi ba. Na ce wa kaina ƙashi ne ke kamawa. Na daɗe a wurin, tururuwa suna cizona, har na fara cewa ko yau ba zai zo ba. Sai na ji takun tsohon dokin.

Gwaggo ta tare shi da kuka. Ya shiga ɗakin da jakarsa, ni kuma na matsa na sa ido ta ɓular zana. Na ga ya tsaya cak a kan ƙafar. Ya ƙwanƙwasa fatar da yatsa, ta yi ƙara kamar ganga. Ya faɗi wata kalma da Faransanci wadda ko ban san ma'anarta ba na san ba addu'a ba ce. Sai ya buɗe jaka ya zaro almakashi babba.

Ban san lokacin da na faɗa ɗakin ba. Na damƙe wuyan hannunsa, kuma hannun maɗoriya ba na wasa ba ne, na ji ƙashinsa yana motsi. Na ce, "Na kama ka, munahuki! Yau gari dut sai ya ji abin da kake yi!"

Bai fizge ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce, "Ki tara gari in kina so. Amma taɓa yatsunai tukuna."

Na ce ba shi zai koya mini aikina ba.

Ya ce, "Don Allah, ɗiyar maɗori. Taɓa."

Roƙon nan ne ya sa na duba. Ƙafar ta kumbura a ƙasan fatar kamar tulu, yatsun sun yi toka-toka, biyun ƙarshe sun fara baƙi. Na taɓa su. A cikin wannan zafin da ko bango ba ya taɓuwa, yatsun ɗan'uwana sanyi ƙalau. Na matsa farce, jini bai dawo ba. Ni na san abin da wannan ke nufi, ba sai wani ya fassara mini ba. Na zauna a ƙasa. Ya miƙo mini almakashin ta wajen mariƙi, ya ce, "Ke kinka ɗunka, ke kin san inda ƙashi yake. In ni yanka, ina iya motsa shi."

Na yanke ɗinkin da hannuna, jijiya bayan jijiya. Fatar ta bushe ta yi tauri har sai da muka ɓare ta mu biyu. Warin da ya taso ya kori gwaggo waje. Raunin ya cika da mugunya, kararen sun nutse cikin nama sun bar sawu. Da jini ya fara komawa ƙafar, taubashina ya yi wata ƙara da har yau nake jin ta in na ga ana shanya fata. Na riƙe ƙwaurin da hannu biyu don kada ƙashi ya goce, lokotoro kuma ya jiƙa wasu ƙwayoyi cikin ƙwarya, ruwan ya rine da launin nan da na kira guba, ya shiga wankewa.

Muna cikin haka, kaina a sunkuye, na ce, "Rubutun da kake yi ga kararena hwa, na mi na?"

Ya ce, "Lamba ta. Ɗaya, biyu, ukku, hal sha biyu. Tsoro nike in maida wani inda ba nan kinka sa shi ba. Ni ban iya ɗori awa naki ba, ban taɓa ganin mai yi nai awa ke ba. Tun da anka hwara yaƙi ko hwarar ƙasar da muke ɗaure karaya da ita ba a aiko muna. Abin da niy iya shi na wankin ciwo, shi kuwa ciwonga in ba a wanke shi ba, ƙahwa tahiya za ta yi."

Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗa min?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ranar da nit tambaye ki kara nawa, mi kinka ba ni?"

Daga baya ya gaya mini shi ma da nasa zaton. Ya ɗauka na gane tun ranar farko, na yi shiru ne don girman kai, ina so ya yi mini wanki in kwashe suna. Da ya ga na ƙone kararen da ya yi wa lamba, sai ya ce raini ne. Gwaggo kuwa ita ta je har Buza a ƙafa ta kira shi, don ta ji wari tun kwana na biyu, amma kunyar yayanta ta hana ta faɗa, ta kuma roƙi ɗanta ya rufa mata asiri. Mu huɗu muna kewaye da ƙafa guda, kowa yana son ta warke, kowa kuma yana ɓoye wa wani.

Kafin la'asar na zauna na sake saƙa karare, wannan karon na bar taga daidai bakin raunin, yadda za a wanke ba tare da an kwance ɗori ba. Shi ya auna mini faɗin da yake bukata da yatsunsa, ni na san inda kara zai tsaya ƙashi bai motsa ba. Dokar aikinsa ta ce duk karaya irin wannan ya tura ta Tawa, na kuwa san abin da za a yi mata a can. Na tambaye shi ko zai tura. Ya ce a ba ta kwana biyar, in baƙin ya haura yatsu ba shi da zaɓi. Kwana biyar ɗin nan kullum muna haɗuwa a ɗakin da azahar, ba mai ce wa wani sannu, ina riƙe yana wanki. Kullum ina duban iyakar baƙin kamar mai duban ruwa a rijiya. Manyan yatsu uku suka dawo da ɗumi. Ƙananan biyu ba su dawo ba. Rana ta biyar ya cire su, ni na danne ƙafar, hawayena yana ɗiga a kan kararen. Baƙin bai haura ba.

Babana ya ji warin maganin a hannuna tun ranar farko, makaho ba a ɓoye masa wari. Na durƙusa na faɗa masa komai har da fatar. Da na gama ya ce, "Hwatar da nis sa ma raƙumi sai da nij jeme ta, ke ba ki gani ba?" Ban gani ba, ina ƙarama lokacin. Ya tambaya ko ƙashi ya kama, na ce yana kamawa. Ya ce to in ci gaba da zuwa, maganar hannu ɗaya kuma a bar ta sai ƙafa ta taka ƙasa. Bai sake tayar da ita ba har ya rasu.

Saura kasuwa. Na san yanzu wuƙa da nama suna hannun lokotoro. Da kalma guda zai gama da ni, kuma ba ƙarya zai yi ba. Ranar kasuwa ta farko na zauna gindin bedi, ina kallon rumfar da yakan zauna daga nesa. Duk wanda ya tsaya wurinsa sai in ce to, yanzu yake faɗa. Da yamma wata mai sayar da daddawa ta zo ta ce mini wani ya tambayi lokotoro labarin mai albasa, shi kuwa ya ce ƙafar da ta faɗa rijiya ta fito da yatsu uku ai ta yi arziki, kuma ɗorin da ke kanta ko a Tawa ba a yin irinsa. Kuna tsammani na gode? Cewa na yi ajiye maganar yake yi sai ranar da za ta fi yi masa amfani. Hali zanen dutse. Kasuwa ta bi kasuwa, damina ta sauka, taubashina ya taka ƙasa da sanda, sannan ya yar da sandar, ban ji komai ba.

A tsakanin nan sai lokotoro ya fara aiko mini da masu karaya, ni ma in na ga rauni mai wari sai in ce a kira shi. Muna haɗuwa a kan ƙafafun mutane da hannayensu, muna musu a kan komai. Ya ce man shanuna yana jawo ƙuda, na ce ruwansa yana sa mutum ya yi kama da rinin da bai kama ba. Ban san ranar da na fara sauraren takun tsohon dokin nan ba, sai dai na kama kaina wata rana ina gyara ɗaurin kallabi don na ji shi. Na ji haushin kaina ƙwarai.

Bayan girbi baffanninsa suka zo daga Madawa da goro. Matarsa ta rasu tun kafin a turo shi Buza. Ni bazawara ce, babana ya ce maganar tana hannuna. Abin da ya fara faɗo mini shi ne, to ga inda aka dosa, ya ga sirrin bai samu ta kasuwa ba zai biyo ta ɗaki. Na fara haɗa labarin a kaina kamar yadda na saba, sai na tuna sanyin yatsun nan a hannuna. Na aika a kira shi. Ya zo ya tsuguna a zauren babana, na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Lokotoro, tambaya ɗaya gare ni, kuma gaskiya nike so. Ni kake so ko ɗorin ubana?"

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Wata shidda ina kallon hannunki, na ƙirga kara, na auna igiya, na koma gida na gwada ga ƙahwar tunkiya ta hito karkace. Ɗorinku ba ya satuwa. Ke dai nike so, da bakinki da komi." Daga cikin ɗaki babana ya yi gyaran murya ya ce, in dai har da bakin ne, to mutumin nan ya cika jarumi.

Aka ɗaura aure, muka yi shekara talatin da wani abu tare, har Allah ya karɓi abinsa. Ba mu taɓa daina musu ba, kuma ban taɓa son wani mahaluki kamar yadda na so shi ba. Bai taɓa ambata mini fatar nan ba, ko a cikin faɗa, alhali na sha ba shi dalili.

Taubashina ya koma garkarsa, ya aurar da 'ya'yansa da kuɗin albasa, amma da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. In yana jan ruwa sai ya karkace, don ƙafar ba ta riƙe bakin rijiya kamar da. Duk shekara yakan kawo mini buhun albasa ya ce na baiwarsa ne da ta cece shi daga wuƙar Nasara, ni kuwa albasar nan ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Sai da muka tsufa na iya ce masa ya yafe mini, ni na ci yatsunsa. Ya ce ai ya sani, yana kwance yana jin fatar tana matse shi, shi ma da bakinsa bai yi magana ba. Ya yafe, na kuma yarda ya yafe har zuciya. Amma yafewa ba ta tsirar da yatsa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ni. In ka ga abin da ba ka gane ba a hannun wanda ba ka so, tashi ka je ka tambaye shi tun zargin bai yi ƙwari ba, ko da tambayar za ta zubar maka da girma. Ni na yi zargi, na fito da miji na gari da 'ya'ya. Wanda bai zargi kowa ba, shi ya yi shekara arba'in yana ɗingishi.